Wa Ke Ƙirga Kwalin Magani Idan Ya Iso?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau daga nan Zariya a kan kuɗin tallafin lafiya ne da ke zuwa mana daga waje, da yadda ake bin sawunsu.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, da aka kafa a 2002, yana cikin masu biyan kuɗin gidan sauron da ake rabawa gida-gida, da maganin tarin fuka na kyauta irin wanda jama'a ke zuwa asibitin Saye da ke nan Zariya su karɓa. Gavi kuwa, wato ƙungiyar duniya mai tallafa wa rigakafi, ita ke ɗaukar kaso mai tsoka na allurar rigakafin yara.

Ba a ce masu bayarwa sun runtse ido ba. A 2016 masu binciken Asusun Duniya sun bankaɗo cewa wasu ma'aikata a wani sashe na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya sun yi sama da faɗi da dala miliyan 3.8 tsakanin 2010 da 2014. Da me? Da rasit ɗin otal ɗin da ba a kwana ba, da tikitin jirgin da ba a hau ba. Kafin nan, a 2014, binciken Gavi ya gano dala miliyan 2.2 da ba a kashe ta hanyar da ta dace ba, gwamnati kuma ta mayar. Daga aljihun wa? Namu, ni da kai.

To amma a lura, shekara huɗu ana ɓarna kafin a farga. Dalili kuwa, duk binciken takarda ce ke tuhumar takarda, rahoton kuma sama yake tafiya, daga ƙaramar hukuma zuwa Kaduna, zuwa Abuja, zuwa ƙasashen Turai. Matar da ta goyo yaro jikinsa zafi rau, ta bi layi tun da hantsi, aka ce mata babu magani ta tsallaka kemis, ita ba ta cikin lissafin. Ba ta san kwali nawa aka sauke a makon nan ba. Wani lokaci ma ƙwayar da za ta saya da kuɗin cefanenta, a jikin fakitin an rubuta da Turanci cewa ba ta sayarwa ba ce.

Mun taɓa ganin sa idon da ya yi aiki ai. A yaƙin shan-inna, masu rigakafi kan yi rubutu da alli a jikin ƙofar gida, su shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, har wayar da ke nuna lungun da suka taka aka ba su. An samu masu maguɗi, ba a musu, amma mai unguwa na iya zagawa ya duba da idonsa. Gani ya kori ji. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Me zai hana a liƙa takarda a bangon kowane ƙaramin asibiti, da boko da ajami, mai nuna abin da ya shigo da ranar da ya shigo? Kwamitin raya mazaɓa yana nan. A bar shi ya ƙirga kwalaye, ba sa hannu kawai ba.

Maganar ta ƙara zafi tun da Amurka ta tsuke bakin aljihunta a farkon 2025. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don lafiya a matakin farko. Wannan kuɗin gida ne, babu wani Bature da zai taso ya bi sawunsa har Tudun Wada ko Samaru.