Hayar mota a Maroko: daga Kasabulanka zuwa Fas

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. Daga Aboabo muke a nan Kumasi, in kun ji hon ɗin trotro ku yi haƙuri, tagarmu kan titi take. Yau ina tare da Kawuna, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kumasi da Bawku, ga kuma Hajiya da ke sarin jallabiya daga Maroko. Maganar yau tawa ce. Mma ta daɗe tana burin ziyarar Shehu Tijjani a Fas, ni kuma na ce in Allah ya kai mu zan ɗauki motar haya in tuƙa ta da hannuna.

Kawu: Kai ɗin? Kai da ko kasuwar Kejetia ba ka shiga da mota sai ka kira ni?

Auta: Kawu, a gaban jama'a kuma?

Kawu: To ƙanwata za ka ɗauka, dole in yi magana. Maroko tana da jirgin ƙasa mai kyau. Tun 2018 suka buɗe mai gudun tsiya tsakanin Tanja da Kasabulanka, akwai kuma na yau da kullum da ke kai mutum har Fas. Ku sayi tikiti ku zauna, ku sha shayi. Me ya kai ka neman wahala?

Hajiya: Alhaji, in mutum biyu ne da jaka ɗaya, gaskiyarka. Amma mu biyar muka je bara, har da surukata mai ciwon gwiwa, ga kaya. Hawa da sauka a tasha da tsohuwa ba wasa ba ne. Kuma akwai wuraren da jirgi ba ya zuwa. Mun so mu biya ta Maulaya Idris, garin nan da ke kan dutse kusa da Miknas, to nan sai da mota.

Auta: Yawwa Hajiya. Fara mana daga farko, daga filin jirgi.

Hajiya: A'a, daga Kumasi zan fara, don a nan ake yin kuskuren. Ɗana ne ya yi mana rajistar motar a intanet. Ya ga farashi mai sauƙi, ya lissafa a sidi, ya ce Mma ai wannan kyauta ce. Muka sauka a filin jirgin Muhammad na Biyar, dukkanmu ba wanda ya runtsa. Muka je kanta, yaron da ke wurin ya karɓi fasfo, ya karɓi lasisi, sai ya miƙo hannu ya ce kati. Ɗana ya ba shi katin bankinsa na cire kuɗi. Ya juya shi gaba da baya, ya tura mana abinmu, ya ce katin bashi yake so, kuma mai sunan direban.

Auta: Ba an riga an biya ba?

Hajiya: An biya haya. Wannan na jingina ne. Sukan riƙe wasu kuɗi masu kauri a kan katin har sai ka dawo da mota lafiya, sannan su saki. Mu ga dirhami a hannu, ya ce tsabar kuɗi ba ta yi. Ƙarshe sai da muka sayi inshorarsu mafi tsada kafin ya ba da makulli. Abin da ɗana ya kira kyauta ya tashi kusan ninki.

Kawu: Arha ba ta ado.

Hajiya: Wallahi kuwa. Kuma duk an rubuta a sharuɗɗan, da ƙananan baƙaƙe can ƙasa, mu ne ba mu karanta ba.

Auta: Wannan inshorar ita ce ban gane ba. Na ga an rubuta farashin ya haɗa da inshora.

Hajiya: Ya haɗa, amma da saura. In mota ta samu matsala akwai kason farko da kai za ka biya daga aljihunka, abin da ya haura shi ne nasu. Kason nan shi ne yawanci suke riƙewa a kati. Kuma sau da yawa taya da gilashi da ƙarƙashin mota ba sa ciki. Ka tambaya tun kana gida, su amsa maka a rubuce.

Kawu: Lasisi fa? Namu na Gana yana aiki?

Hajiya: Ɗana ya je DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi, ya yi na ƙasa da ƙasa, ya haɗa da nasa na gida ya tafi da duka biyun. Shi na ƙasa da ƙasan ba ya tsayuwa shi kaɗai, fassarar naka ne kawai.

Kawu: To bari in ba ka wadda Hajiya ba za ta ba ka ba. Yawancin motocin haya a irin waɗannan ƙasashe masu giyar hannu ne. Kai kuma atomatik ka koya.

Auta: Na iya giya, Kawu.

Kawu: Ka iya kashe mota a kan tudu, na gani da idona a Asawase. In atomatik kake so ka nema da wuri, ka san kuma za ka ƙara kuɗi. Na biyu, ka tambayi abin da motar ke sha. Da yawa dizal ne, su suna ce masa gazwal. Ka zuba fetur a motar dizal, ba inshorar da za ta san ka. Na uku, kada ka karɓi makulli ka shige kamar ango. Zagaya ta. Buɗe but ka ga safaya da jak. Duba allurar mai, don yadda aka ba ka tanki haka za ka mayar.

Hajiya: Ka kuma ɗauki bidiyo da waya, ma'aikacin yana tsaye. Mu ranar mayarwa wani ya durƙusa gaban mota, ya shafa bamba da yatsa, ya nuno wani ɗan ƙwarzane da bai kai tsawon ashana ba, ya fara rubutu. Ɗana bai ce uffan ba, ya buɗe wayarsa ya nuna masa ƙwarzanen nan a bidiyon ranar farko, har da takalmin abokin aikinsa a ciki. Sai ya miƙe ya ce bismillah, ku sauka lafiya.

Auta: Allah ya yi wa ɗan nan albarka. To hanya fa? Ni abin da ya kwantar min da hankali, dama suke bi kamar mu.

Kawu: Mu ma ai sai 1974 muka koma dama. Ina yaro lokacin, ana ta shela a rediyo.

Hajiya: Hanya kam sai wanda ya gani. Ka san daga nan zuwa Akra kilomita 250 ne, amma in ka tashi da hantsi sai la'asar, ga Nkawkaw, ga cunkoson shiga gari. To Kasabulanka zuwa Marakish kusan tsawonsu ɗaya, 240, ba ka cika awa uku ba ka isa. Kasabulanka zuwa Rabat wajen 90. Rabat zuwa Fas wajen 200, ta Miknas. Babban titin ana gudun 120, amma na kuɗi ne. Ka ja tikiti a shiga, ka biya a fita gwargwadon nisan da ka yi, don haka ka tanadi canjin dirhami. Mu da aka daina karɓar kuɗin hanya a Gana a 2021 mun manta da abin, sai da muka tsaya a shinge muna lalube cikin jaka, na baya suna ta hon.

Kawu: Kyan hanya shi ke kashe direba. Rami yana tashe ka, santsi yana sa ka barci.

Hajiya: Shi ya sa na ce kada ya yi tuƙi mai nisa ranar da ya sauka. Filin jirgin yana wajen kilomita 30 daga gari. Ku kwana Kasabulanka, ku yi salla a masallacin Hasan na Biyu da ke bakin teku, wanda aka gama a 1993, ku ɗauki mota washegari. Ka ga ka rage kuɗin kwana ɗaya ma. A hanya kuma wuraren hutawa suna da masallaci da wurin alwala, ga shi ku matafiya ne, kuna da ƙasaru.

Auta: 'Yan sanda fa? Irin namu ne?

Hajiya: Jandarma ne a wajen gari, da na'urar auna gudu, wani lokaci a bayan bishiya. Inda suke kama baƙo shi ne shiga gari. Kana kan 100, allo ya ce 80, kafin ka ankara ya ce 60. Kuma in ka ga allon shinge a ƙasa, tsayawa ake yi cak, sai ya ɗaga maka hannu. An ci mu tara sau ɗaya bayan Miknas. Muka biya nan take, ya rubuta rasit ya ba mu. Surukata ta fara roƙo da Hausa, wai mu baƙin Shehu ne. Ya yi murmushi, ya ci gaba da rubutunsa.

Kawu: Duk wannan na ji. Amma ku gaya wa yaron nan gaskiya game da Fas ɗin kanta.

Hajiya: Nan ne Alhaji ya fi ni gaskiya. Tsohon garin Fas mota ba ta shiga. Lunguna ne, wani in ka buɗe hannuwa biyu ka taɓa bango da bango. Jaki da alfadari da kura su ne motocin ciki. Zawiyar Shehu tana can tsakiya, inda aka binne shi a 1815, ba nisa da masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta gina tun 859. Mu taswirar waya ta yaudare mu. Ta ce saura minti biyar, sai ga mu gaban wata ƙofar ganuwa, titi ya ƙare, samari sun kewaye mu kowa yana cewa shi zai nuna hanya. Muka bar mota hannun mai gadin fakin, muka ɗauki mai kura ya tura kaya. Kwana uku motar nan tana zaune a rana, muna biyan haya, muna biyan mai gadi.

Kawu: Ka ji ko? Ka yi hayar doki ka ɗaure shi, kana saya masa ciyawa.

Auta: To Mma da ƙafarta fa?

Hajiya: Ka nemi masauki kusa da ƙofa, kuma ka tambaye su wace ƙofa, don garin gangare ne. Ta Bab Bujulud tafiyar da nisa, sauka za ku yi ta yi, dawowa kuma hawa. Ta wajen Rasif mota tana matsowa sosai, nan ya fi wa tsohuwa. In kuma sayayya za ku yi, kada ku bar ta sai Juma'a, shaguna da yawa a rufe suke.

Auta: Ni da na tsara in ɗauka a Kasabulanka, in ajiye a Marakish, mu hau jirgi daga can.

Hajiya: Za su caje ka kuɗin mayar da ita gida. Kuma duba taswira: babban titin Fas zuwa Marakish, wajen kilomita 530, ta gefen Rabat da Kasabulanka yake bi. Tunda dole ka wuce ta ƙofar gidansu, ka tsara tafiyar ta ƙare inda ta fara. Akwai ta cikin duwatsu, ta Ifran da Bani Mallal, ta fi kyan gani, amma wuni guda ce, kuma da sanyi Ifran har ƙanƙara take yi.

Kawu: Ƙanwata da ke sa rigar sanyi biyu in hunturu ya busa a Kumasi.

Auta: To ga abin da na fahimta. Jirgin ƙasa zuwa Fas, mu yi ziyara kwana uku ba mota. Ranar fita in ɗauki mota a Fas, mu je Maulaya Idris da Miknas, mu dawo in mayar.

Kawu: Wa zai tuƙa?

Auta: Ni mana.

Kawu: Hajiya, nawa ne ƙara sunan direba na biyu a takardar?

Hajiya: Akwai ɗan abin da ake biya kullum, kuma dole ya zo kanta da lasisinsa. Alhaji, ba kai ka ce jirgin ƙasa ba?

Kawu: Na faɗa. Amma ban taɓa zuwa Fas ba, kuma fasfona bai mutu ba. Auta, gobe da asuba ka fito da motar babanka, mu je tudun Asawase.