Unguwannin Tsohon Birnin Ƙudus

Assalamu alaikum, jama'a. Malamai da iyayenmu da ke nan, ina gaishe ku.

Duk wanda ya buɗe taswirar tsohon birnin Ƙudus zai ga an yanka shi gida huɗu: unguwar Musulmi, ta Kirista, ta Yahudawa, da ta Armeniyawa. To, wannan rabon bai daɗe ba. Masu zanen taswira na Turai ne suka yaɗa shi a ƙarni na 19. Mutanen gari kuwa da sunan ƙofa, ko kasuwa, ko dangi suka san lungunansu, kamar yadda Bakano zai ce maka shi ɗan Ƙofar Mata ne.

Birnin fa ƙarami ne, bai cika murabba'in kilomita 1 ba. Ganuwar da ke kewaye da shi Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ne ya gina ta wajen 1537 zuwa 1541. A cikin wannan ɗan fili ne Masallacin Aƙsa yake, da Ƙubbatus Sakhra, ginin nan mai ƙubbar zinariya, da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya kammala wajen 691, da bangon da Yahudawa ke addu'a a gabansa, da cocin da Kiristoci suka yi imani nan kabarin Yesu yake.

Ku shiga ta Babul Amud, ɗaya daga ƙofofin ganuwar, ku gangara cikin unguwar Musulmi, wadda ta fi kowace girma da cunkoso. Za ku ci karo da Kiristoci ɗauke da gicciye, domin hanyar da suke bi don tunawa da wahalar Yesu daga nan ta faro. Ku ƙarasa cocin a unguwar Kirista, sai ku tarar mabuɗinsa yana hannun Musulmi: gidan Judeh ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa. Daura da shi ga Masallacin Umar, tunawa da ranar da Sayyidina Umar ya ƙi yin salla a cikin cocin don kada na baya su karɓe shi. A kan rufin cocin kuma sufayen Habasha ne zaune a ƙananan ɗakuna. Armeniyawa su ma Kiristoci ne, amma sun riƙe harshensu da unguwarsu daban.

Akwai unguwar da ba za ku gani a taswirar yau ba, kuma ita ke sosa mini rai. Unguwar Magariba ke nan, wadda Al-Afdal ɗan Salahuddini ya yi waƙafinta ga mutanen Arewacin Afirka a ƙarshen ƙarni na 12. A watan Yunin 1967, kwanaki kaɗan bayan Isra'ila ta kama birnin, aka rushe ta, gidaje kusan 135, aka mayar da wurin fili a gaban bangon. Ƙofar Aƙsa da ke wurin har yau Babul Magariba ake ce mata.

Yanzu ku saurara da kyau, wannan ya shafe mu. Dab da Babul Majlis, ɗaya daga ƙofofin Aƙsa, akwai tsofaffin masaukan baƙi biyu na zamanin Mamluk, sarakunan Masar na da, Ribaɗ Mansuri da Ribaɗ Ala'uddin. A cikinsu ne 'yan Afirka ke zaune, jikokin alhazan da suka taso daga Najeriya, Chadi, Sudan da Sanagal. Da yawansu a zamanin da Ingila ke mulkin Falasɗinu suka zo, bayan sun sauke farali a Makka suka ce bari su ziyarci alƙibla ta farko, sai zama ya kama su. Akwai Hausawa a cikinsu. Sun yi aure a can, 'ya'yansu Larabci suke yi, amma sunan dangi irin Barnawi yana nan yana nuna Barno. In Allah Ya kai ɗayanku Ƙudus, don Allah ya tsaya a wannan lungun ya yi musu sallama kafin ya shiga masallaci.