Amsoshin Tambayoyinku: Motar Shiga Daji

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan motocin shiga daji suka zo, to bari mu buɗe ta farko.

Wani Alhaji ne daga Gwadabawa. Ya ce ya sayi Hilux ta hannu, yana kai kaya ƙauyukan Tangaza da Gudu, abokai kuma sun matsa masa ya ɗaga ta sama ya sa mata manyan tayoyi. Ya rufe da cewa, "Mi ya kamata in fara yi?"

Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ni dai da kuɗina ne, ba da ɗagawa zan fara ba. Abin da ke kafar da mota a yankinku rairayi ne, maganin rairayi kuwa yana cikin iskar taya. A kan kwalta kana tafiya da awo 30 da ɗoriya. In ka zo bakin rairayi, tsaya ka sace iskar ta dawo 18 ko 20. Tayar za ta baje kamar tafin raƙumi, ta hau bisa yashin maimakon ta tona shi. Sai dai da sharaɗi: tafiya a hankali, ban da karya kwana da ƙarfi, don taya mai laushi tana iya zamewa daga ƙarfenta. Kana komawa kwalta kuma ka mayar da iskar. Wannan ina roƙonka kada ka yi wasa da shi, domin taya mara iska a kan kwaltar watan Afrilu zafi take ɗauka har ta fashe, kuma a guje take fashewa. Don haka sayayyarka ta farko ita ce ma'aunin iska da ɗan famfon da ake jonawa a batir, sai shebur, sai katako mai faɗi da za ka ɗora jak a kai.

Daga nan sai taya. Nemi masu alamar AT, masu kaurin gefe, saboda ƙayar aduwa da kututturen gona ta gefe suke huda taya, inda mai faci ba ya da dabara. Masu manyan haƙora, wato MT, na taɓo ne. A rairayi rami suke haƙa maka.

In duk ka gama wannan kana son ɗagawar, inci 2 ya isa, da sifirin da shokazoba masu kyau. Hilux ta zamani kowace ƙafar gaba zaman kanta take yi, in an ɗaga fiye da kima shaf ɗin gaba yana karkacewa, robarsa ta yage, yashi ya shiga, sai ka koma abokin bakanike. Manyan tayoyi kuma suna ƙara shan mai, suna gajiyar da kuloci da birki.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce, ma'aikaciyar lafiya da ke fita riga-kafi wajajen Wurno, Rabah da Goronyo. Tana tambaya ko bututun nan da ake ɗaurawa a gefen gilashi zai ba motarsu damar ratsa ruwa da damina.

Hajiya, sannunku da ƙoƙari, Allah ya biya. Aikin bututun shi ne ya ɗauke hancin injin daga ƙasa ya kai shi sama. Yana da amfani ƙwarai, amma a nan Sakkwato babban amfaninsa ƙura ce, musamman da hunturu ko in kuna bin bayan wata mota a hanyar burji. Ruwa kuwa yana da wasu ƙofofin: wayoyin lantarki, akwatin giya, da aksul. Ki gaya wa direbanku ya sauka ya taka ruwan da ƙafa tukuna. In ya wuce gwiwa, ko yana gudu har yana jan ƙafar mutum, ku juya, ko da kuwa ƙauyen ana hango shi. In mota ta mutu a tsakiyar ruwa kada a sake tayar da ita, don injin da ya shaƙi ruwa ƙarafan cikinsa lanƙwashewa suke yi. Bayan kun ratsa fadama kuma a duba man aksul. In ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga, a juye shi.

Ta ƙarshe daga wani matashi a unguwar Mabera. Shi da abokansa suna son zagawa ta Illela su shiga Birnin Ƙonni har Tawa. Ya ce ya sa kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, a rufi da ƙaton ƙarfen gaba mai fitilu, kuma motar tana cijewa in zai yi kwana a cikin gari.

Ƙanena, cijewar nan alama ce ka bar ta a giyar ƙafa huɗu a kan kwalta. Maida ta 2H, wato giyar ƙafa biyu, yau ɗin nan, kafin akwatin raba ƙarfi ya lalace. Fitilun kuma ka duba kada su tare wa lagireto iska, a garin da zafi ke haura digiri 40. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, huɗu a rufi nauyin ƙato guda ke nan yana rinjayar motar a kowace kwana. Sauko da su ƙasa, a ɗaure tsakanin tayoyi, a bar wa rufi tabarma da katifa. Kada ka yi mata fenti irin na jami'an tsaro, baƙin gilashi kuma sai da izinin 'yan sanda. Ku tafi da mota biyu da igiyar ja mai ƙarfi, ku tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar, sannan ku tabbata la'asar ta same ku a masauki.