Hangari a cikin Tarayyar Turai: wa ya mallaki gidajen jarida?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ranar Asabar 8 ga Oktoban 2016, ma'aikatan Népszabadság, babbar jaridar adawa ta ƙasar Hangari, suka wayi gari aka ce musu an dakatar da jaridar. Mai ita ya ce asara ce ta yi yawa. Ba a cika wata guda ba, kamfanin ya koma hannun mutanen da ke kusa da Firaminista Viktor Orbán. A lokacin Hangari ta shekara 12 a cikin Tarayyar Turai, ƙungiyar da ke alfahari da 'yancin faɗin albarkacin baki. To yaya aka yi haka ta faru a tsakar gidanta?

Bari mu koma baya. Kafin 1989, zamanin mulkin gurguzu, rediyo da talabijin na gwamnati ne, ita kanta Népszabadság bakin jam'iyya mai mulki ce. Da tsarin ya rushe, ƙasar ta fuskanci Yamma, masu kuɗin Yamma kuma suka fuskance ta. Kamfanin Axel Springer na Jamus ya kwashi jaridun larduna. Ringier na Suwizaland ya shiga harkar jaridun ƙasa. A 1997 aka buɗe manyan tashoshin talabijin masu zaman kansu guda biyu, RTL Klub da TV2, dukansu da jarin waje. Sannan ranar 1 ga Mayun 2004 Hangari ta shiga Tarayyar Turai tare da wasu ƙasashe tara.

Shiga ƙungiyar ya zo da dokoki, amma ku duba irinsu. Dokar talabijin ta Turai, wadda aka kafa tun 1989 aka yi ta gyara ta, tana ƙayyade yawan tallan da tasha za ta saka. Tana cewa a ba shirye-shiryen da aka yi a Turai mafi yawan lokaci, gyaran 2018 ma ya wajabta wa irin su Netflix su ware kashi 30 cikin 100 na rumbunsu ga ayyukan Turai. Ta kuma ce tashar da ta samu lasisi a ƙasa ɗaya tana iya watsawa a sauran, shi ya sa tashoshi da dama masu magana da harshen Hangari suka yi rajista a waje. Duk waɗannan dokokin ciniki ne. Batun wa ya mallaki jarida, da wa ke naɗa shugaban gidan talabijin na gwamnati, an bar wa kowace ƙasa abinta.

A ganina nan gizo ke saƙar. Abin da ya kare 'yan jaridar Hangari a shekarun farko ba takardar Brussels, hedikwatar Tarayyar, ba ce, masu jarin nan ne na waje. Kamfanin da hedikwatarsa ke Jamus ba ya rawar jiki don minista ya kira shi a waya. Sai dai riba ce ta kawo su. Da tattalin arziki ya karye a 2008, kuɗin talla kuma ya fara zurarewa wajen Google da Facebook, sai suka shiga tattara komatsansu. ProSiebenSat.1 ya sayar da TV2, kafin 2015 ta ƙare tashar ta faɗa hannun Andy Vajna, kwamishinan fina-finai na gwamnati. Magyar Telekom, reshen Deutsche Telekom, ya rabu da shafin labarai na Origo. Ringier ya saki Népszabadság a 2014.

Masu saye kuwa suna nan suna jira. Orbán ya dawo mulki a 2010 da rinjayen kashi biyu bisa uku a majalisa, nan da nan aka kafa majalisar kula da kafofin yaɗa labarai, mambobinta duk zaɓin jam'iyyarsa ta Fidesz, wa'adinsu shekara tara. Hukumar Tarayyar Turai ta yi ƙorafi, a 2011 aka gyara wasu sassa na dokar, amma aka bar majalisar kula da kafofin yadda take. Babu buƙatar ɗaure kowa. Gwamnati ta zama babbar mai ba da talla, tana zuba wa masu yabonta tana hana masu sukarta. Bakin da ya ci ai shi ke godiya.

A Nuwamban 2018 abin ya kai maƙura. Attajirai masu goyon bayan gwamnati suka miƙa kafofi sama da 470, kyauta, ga wata gidauniya guda mai suna KESMA. Orbán ya sa hannu a kan umarnin cewa wannan haɗaka muhimmiya ce ga ƙasa, don haka hukumar kula da gasar kasuwanci ba za ta bincika ba.

Kada a ce Tarayyar ba ta motsa ba. A 2014 Hangari ta ɗora harajin talla da ya kai kashi 40 cikin 100, matakin da RTL Klub kaɗai ya faɗa ciki. Brussels ta ce harajin ya saɓa wa dokar gasa, amma kotun Tarayyar ta ba Hangari gaskiya a 2019, ta sake tabbatarwa a 2021. Gidan rediyon Klubrádió ya rasa zangonsa a Fabrairun 2021, sai Yulin 2022 Hukumar Tarayyar Turai ta kai Hangari ƙara kotu, alhali tuni ya koma watsawa ta intanet kawai. Su kuwa 'yan jaridar shafin Index, sama da 70 da suka ajiye aiki a 2020 bayan korar editansu, ba su jira kowa ba. Sun kafa Telex da gudummawar masu karatu.

Sai a 2024 Tarayyar ta yi dokar 'yancin kafofin yaɗa labarai, wadda mafi yawan sassanta suka fara aiki ranar 8 ga Agustan 2025. Ta wajabta bayyana masu mallakar kowace kafa, da kuɗin tallan da hukumomin gwamnati ke kashewa da inda suke kai shi, da naɗa shugabannin kafofin gwamnati ta hanyar da kowa zai gani. Gwamnatin Orbán ta ƙi amincewa da ita wajen ƙuri'a, a 2024 ɗin kuma ta garzaya kotun Tarayyar tana neman a soke ta, bisa hujjar cewa harkar jarida ba hurumin Brussels ba ce.