Yadda samarin Kuala Lumpur ke sauya wa mashin riga

Jama'a assalamu alaikum, ku matso ku ga abin da ya hana ni zama yau. Wannan mashin na maƙwabcina ne, wani yaro ɗan jihar Kelantan ta nan Malesiya. Jiya da yamma baƙi ne, duk ya kokkoje. Yau ga shi shuɗi da ruwan hoda yana ɗaukar ido, wallahi sai da na duba lamba kafin na yarda shi ne. Kuma ba fenti ya yi ba. Robobin jikin ya kwance kaf, tun daga madigadin gaba har wutsiya, ya ɗaura wasu. Coverset suke ce wa saitin a nan. Ringit 180, kuɗin ƙasar nan, ya ce ya saya a intanet, kuɗin cefanena na sati ke nan.

To shi ne na ce bari in shigo Sentul in nuna muku, don nan ce unguwar 'yan kayan mashin. Ku dubi saman shagon nan, duk robobi ne a rataye cikin leda. Yawanci na Yamaha Y15ZR ne, wanda ya shigo Malesiya a 2015 samari suka haukace a kansa. Abin dariyar, mashin ɗin nan shi ne Exciter a Biyetnam, shi ne Sniper a Filifin, shi ne MX King a Indonesiya. Sai ka ga yaro ya sayo roba mai rubutun Exciter ya ɗaura, yana ta hura hanci wai nasa ɗan waje ne, alhali injin bai sauya ba ko da noti ɗaya. Su kuma dattawa suna nan da Honda EX5 ɗinsu, tun 1987 ake yayinta, kuma har ita ana yi mata sabuwar riga.

Ba na ganin laifinsu fa. Ƙasar da ake tseren ƙananan mashina na Cub Prix tun 1994, kuma daga nan ɗan tserensu Hafizh Syahrin ya taso har ya kai MotoGP, babbar gasar tseren mashin ta duniya, a 2018, dole kowane yaro ya so nasa ya yi kama da na tsere.

Amma ni Kano ta faɗo min a rai. Kafin a hana acaba a 2013, wa ya kai 'yan acabarmu kwalliya? Jincheng ta sha sitika, kujera ta sha kafet da tuntaye, ga hon na tirela an maƙala. Ba wanda ya sayar musu da saiti a kwali, da kansu suke ƙirƙira. Kuma bakaniken Ƙofar Ruwa, in ka ba shi robar nan ta ƙi zama, ƙusa zai gasa ya huda ta, kafin ka gama shan ruwan leda ya gama. Nan kuwa ringit 40 wani ya ce zai karɓa kuɗin ɗaurawa kawai. Allah ya kai mu gida lafiya.

Yanzu ku saurara, musamman ɗalibanmu sababbin zuwa. Kun ga wannan mai arhar? Ku ji yadda take lanƙwasa a hannuna, sharara ce. Ramukan noti ba sa haɗuwa da na mashin, sai an ja an danne, kunnuwan su karye. Ka hau layin mashina na Federal Highway ka ji ta tana kaɗawa kar-kar-kar har garin Klang. Ga ranar ƙasar nan, ga ruwan sama kusan kullum da la'asar, kafin wata shida ja ya koma ruwan goro, sitika ta fara ɗagowa. In za ka saya, nemi mai kauri, irin roba mai ƙarfi da ake kira ABS, ka sa mai shago ya gwada ta a jikin mashin ɗinka kafin ka miƙa kuɗi. Ta asalin kuma kada ka yar, cusa ta ƙarƙashin gado, don ranar da ka gama karatu za ka sayar, mai saye ita zai fara tambaya. In launi ya sauya, je ka sanar da JPJ, masu rajistar ababen hawa, kada a tare ka a shinge takarda ta ce baƙi mashin ya ce shuɗi, kai kuma ga ka baƙo.

Abin da ke ƙona min rai shi ne wanda zai zuba kuɗi a roba, sannan ya sa siririyar tayar nan da suke kira tayar sotong wai don gayu, birkinsa kuma yana ƙugi. A jiƙaƙƙiyar kwalta! Malam, fara da taya da birki da hular kwano ta kirki, in canji ya ragu ka sayi kwalliya.

Ni dai baƙar nan mai zanen zinare ta shiga raina. Mai shagon ya ce ringit 260, na taya 200, ya yi dariya ya ce in je in sha teh tarik, shayinsu mai madara, in dawo. Ku biyo ni mu leƙa shagon gaba mu ji nasu farashin.