Jawabin maraba ga babban baƙonmu, daga kwamitin malamai da ɗaliban sashen nazarin garkuwar jiki

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Kowa a zauren nan ya san hidimar da ka yi wa ilimi da lafiyar talaka, ba sai mun tsaya lissafi ba, Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Tunda lokacinka kaɗan ne bari mu faɗi abin da ke ranmu tun yanzu: babbar kwamfuta muke roƙo, irin wadda ake kira saba, da sola da batiran da za su riƙe ta dare da rana.

Ga dalili. Sojojin da ke kare jikin mutum, wato ƙwayoyin garkuwa, duk daga ɓargo suke tasowa, uwa ɗaya ce ke haifarsu sannan su rarrabu, ƙwayoyin B su gama girma a ɓargon, ƙwayoyin T kuma su wuce wani ɗan kulli da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos a horar da su a can. Da can sai dai a niƙa miliyoyinsu a haɗe a auna. Tun 2009 aka fara iya ɗaukar ƙwaya guda ɗaya tak a karanta ta, a ga cikin ƙwayoyin halittar gado wajen 20,000 wanne ke aiki wanne ke barci. Matsalar ita ce duk wadda ka karanta ta mutu kenan, ba za ka bi ta ka ga girmanta ba. To a nan lissafi ya shigo. Kamar a ba ka hoton taron suna ne, ga jarirai ga samari ga dattawa, ba wanda ya faɗa maka shekarun kowa amma daga kamanni ka jera su tun daga ƙarami har babba. Haka manhajar Monocle ta zo da shi a 2014, a 2018 kuma aka samo dabarar duba saƙon da ƙwayoyin halittar gado ke aikawa a cikin ƙwaya wanda bai gama gyaruwa ba a kwatanta da wanda ya gyaru, a gane inda ƙwayar ta dosa. Yaranmu sun iya duk wannan wallahi, manhajojin wannan aiki irin su Seurat da Scanpy kyauta suke a intanet kuma sun koya da kansu.

Ranka ya daɗe mu ba baƙi ba ne a wannan fage. A Garki ta Jigawa, daga 1969 zuwa 1976, aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken zazzaɓin cizon sauro da duniya ta taɓa gani, iyayenmu na ƙauyuka suka miƙa hannu aka ɗebi jini aka auna garkuwarsu, kuma daga nan aka fitar da tsarin lissafin da masana ke komawa gare shi har gobe. A Zariya a shekarun 1970 likita Brian Greenwood da abokan aikinsa suka nuna cewa yaron da zazzaɓi ya kama jikinsa ba ya karɓar rigakafin sanƙarau yadda ya kamata. Jinin namu ne, ciwon namu ne, amma lissafin yawanci a hannun wasu yake, wannan abu yana mana ciwo gaskiya. Ko babban shirin taswirar ƙwayoyin jikin ɗan Adam da aka soma a 2016, su kansu masu shirin sun yarda akwai buƙatar ƙarin samfur daga Afirka. Kuma bambancin na gaske ne, mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, wannan kan sa adadin wani nau'in farar ƙwaya ya fito ƙasa a gwaji alhali mutum lafiyarsa ƙalau. In ba mu muka tsaya muka yi nazarin namu ba wa zai yi mana, ga sikila ga tarin fuka ga ƙyanda duk a ƙofar gidanmu?

Ka zo ka ga yadda muke aiki. Ɗaliba za ta sayi data da kuɗin aljihunta ta kwana tana sauke bayanan ƙwayoyi dubu hamsin, ta ɗora a laftof mai ma'adanar aiki giga 8, fanka na ihu, allo ya daskare, ko kuma aikin ya kusa ƙarewa a ɗauke wuta komai ya tashi a banza, da safe ta sake daga farko. Wasu sun haƙura sun canza fanni, kuma masu kaifin kan ne ke tafiya.

Shi ya sa muke maimaitawa, saba ɗaya mai ma'adanar aiki giga 256 ko sama, da wurin ajiyar bayanai, da solarta. Ɗakin da za a sa ta a shirye yake mun share mun sa ƙofar ƙarfe, masu kula da ita ma muna da su. Akwai batun intanet mai ƙarfi da tura malamai biyu horo, amma in abu ɗaya za ka ɗauka daga takardar nan ranka ya daɗe, don Allah sabar ce.

Allah ya maida kai gida lafiya, ya albarkaci zuri'a, amin.

Kwamitin tarbar baƙi