Ku Juya Bayansa Tukuna: Yadda Ake Gane Zane na Asali a Kasuwar Gwanjo

An gabatar da wannan lacca a Jidda ga Hausawa masu harkar kayan gwanjo, aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa.

Duk wanda ke shiga Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo ta nan Jidda, ya san yadda abin yake. An kwashe kayan wani tsohon gida, kujeru, darduma, agogon bango, sai ga lauha, wato zane, jingine a gefe cikin firam mai ruwan zinariya. Dillali ya nuna muku sa hannu a ƙasa, ya ambaci wani babban suna. Roƙona gare ku yau ɗaya ne: sa hannu ya zama abu na ƙarshe da za ku duba. Shi ya fi komai sauƙin kwaikwayo.

Farko, a tabbatar hannu ne ya zana shi, ba inji ba. Ku sayi ɗan gilashin nan na masu gwal, mai ƙara girma sau 10. Ku ɗora shi a wuri mai haske na zanen, kamar sararin sama. In kun ga ɗige-ɗige a jere, shuɗi, ja, rawaya da baƙi, bugun inji ne. In kamar feshin ƙura ne, shi ma bugu ne, na firinta. Sannan ku kwantar da tocilar waya a gefe, hasken ya bi fuskar zanen a kaikaice. A zanen gaske tudun fenti yana bin siffa: inda aka zana dabino, burushi ya bi ganyen. A na jabu an shafa wani man roba a kan bugu, sai ku ga sawun burushi ya ratsa bango ya shiga sama bai canza launi ba.

To sai a juya bayansa, nan maganar take. Ƙyallen zanen da ya shekara hamsin ya yi duhu, amma duhunsa ba ɗaya ba ne. Ɗaga shi kaɗan daga katakon da aka ɗaure shi a kai: wurin da katako ya rufe ya fi haske, don iska da ƙura ba su kai gare shi ba. In ko'ina launi ɗaya ne, ko kuma akwai shatin ruwa, ku yi zargin an shafa masa shayi ko gahawa. Ku dubi ƙusoshin. Tsohuwar ƙusa tana barin zoben tsatsa a jikin ƙyalle, balle a danshin Jidda. Ƙusa mai tsatsa a kan ƙyalle fes, daga baya aka buga ta. Ramukan ƙusa biyu-biyu kuma na nufin an taɓa cire shi an sake ɗaurawa. Wannan ba laifi ba ne, amma a tambayi dalili. Kada ku ɓare kowace takarda da ke manne a baya: tambarin mai firam, lambar baje koli, rubutun fensir. Ɗan guntun nan yakan fi firam ɗin daraja.

Kayan aiki ma suna da shekarun haihuwa. Fentin akirilik mai narkewa a ruwa bai shiga kasuwa ba sai tsakiyar shekarun 1950. Farin fenti na titaniyam sai wajen 1920. Da shi aka kama wani mai zanen jabu, Wolfgang Beltracchi, a Jamus a 2010: an gano wannan farin a zanen da aka ce na 1914 ne. Ku ba ku da ɗakin gwaji, amma fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗin jabu za ta taimaka. A ɗaki mai duhu, tsohon banish, wato man ƙyalli da ake shafawa a saman zane, yana ba da haske kore-kore, wurin da aka yi wa gyara ya fito baƙi. Sa hannun da ya fito baƙi ƙirin, yana yawo a saman banish, ƙari ne.

Yanzu mu zo kan sa hannun. Da gilashi ku duba inda ya haɗu da tsagewar fenti. In tsagar ta ratsa haruffan, tare suka tsufa. In fentin haruffan ne ya gangara cikin tsagar, an rubuta shi bayan zanen ya tsufa. A kula da shekarar da aka rubuta a jikin zanen: lambar Larabci ta biyar kamar sifiri take, sifiri kuma ɗigo ne. In ta Hijira ce, a ninka da 0.97 a ƙara 622. 1390 za ta ba ku 1970. Sai a gwada da rayuwar mai zanen. Misali a cikin masu zanen Saudiyya: Abdulhalim Radwi, ɗan Makka da ya yi karatu a Roma, an haife shi 1939, ya rasu 2006. Muhammad al-Salim, 1939 zuwa 1997. Safiyya Binzagr, 1940 zuwa 2024, kuma gidan adana ayyukanta na nan Jidda. Ku je ku tsaya gaban na asali, ido ya saba. Wanda bai taɓa ganin na gaske ba, da me zai auna?

Na'am, Alhaji, ina jin ka. Alhaji yana tambaya kan zanen Sudan da ake kawowa. Wannan ya dame ni ƙwarai, Alhaji. Masu zanen Khartoum manya ne a duniya: Ibrahim al-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, wanda gidan Tate Modern na Landan ya baje ayyukansa a 2013, Ahmad Shibrain, Kamala Ibrahim Ishaƙ. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 an wawashe gidaje, har da gidan tarihin ƙasar. Don haka zane yana iya zama na asali kuma na sata. Akwai bayin Allah da suka tsere da abinsu, suna sayarwa don buƙata. Su za su gaya maka wa ya saya, yaushe, a ina, wataƙila har da hoton falonsu zanen na rataye. Wanda ya kasa faɗin inda ya samo, ka bar masa kayansa komai araha. Dukiyar wani ce da ke kuka a wani wuri.

In zane ya tsallake duk waɗannan, kada ku wanke shi. Ba ruwa, ba sabulu, ba albasa, ba man zaitun. Ruwa yana sa ƙyalle ya tsuke fenti ya ɓare, mai kuma yana shiga tsaga ba ya fita. Kada a bar shi a but ɗin mota da rana, kada a naɗe shi a leda, fumfuna zai yi. Ku ɗauki hoto biyar: gaba, baya, sa hannu kusa-kusa, gefen ƙusoshi, da kowane tambari. Ku auna tsawo da faɗi da santimita, ban da firam. Ku aika wa iyalan mai zanen, ko gidan da ke kula da ayyukansa, ko babban gidan gwanjo, ku nemi amsa a rubuce. Mai sayarwa kuma ya ba ku rasit ɗauke da sunansa, sunan mai zanen, girma, da sharaɗin mayar da kuɗi in ya fito jabu.

An kira salla, sauran tambayoyi sai mun idar.